Rajistar Hayar Gida a Ƙasar Ayalan: Wa Doka Ta Ɗora wa Nauyin?

Wanda ya je ƙasar Ayalan karatu ko aiki, ya kama haya a Dublin ko Cork, zai tarar cewa yarjejeniyarsa da mai gida ba ta tsaya tsakaninsu su biyu ba, domin doka ta ce sai hukuma ta san da zamanta.

Wace doka ce ta wajabta rajistar, kuma wa zai yi ta?

Dokar hayar gidajen zama ta shekarar 2004 ce tushen lamarin, ita ce kuma ta kafa hukumar kula da haya wadda tun 2016 ake kira RTB. Nauyin yana kan mai gida ne kacokan, ko da ya damƙa harkar gidan a hannun dillali, kuma wata ɗaya doka ta ba shi daga ranar da hayar ta fara. A da, rajista ɗaya kan yi shekaru tana aiki ba tare da an sabunta ta ba, amma daga ranar 4 ga Afrilun 2022 ya zama dole a sabunta ta kowace shekara muddin ɗan hayar yana cikin gidan.

Nawa ake biya, kuma me ake cikewa?

Kuɗin Yuro 40 ne a shekara a kan kowace haya, wanda ya makara kuma ana ƙara masa Yuro 10 a kan kowane watan da ya wuce. Ana neman adireshin gidan, da ranar fara haya, da kuɗin hayar, da sunayen mai gida da 'yan haya tare da lambarsu ta PPS, wato lambar da ake amfani da ita wajen haraji da tallafin gwamnati. Saboda haka idan mai gida ya nemi wannan lamba a wurin sabon ɗan haya, ba shisshigi ya yi ba. Galibi ma alama ce ta cewa yana da niyyar bin ƙa'ida.

Shin kowace irin haya ce ta shiga cikin dokar?

A'a. Gidajen hutu na 'yan kwanaki da gidajen da ƙananan hukumomi ke bayarwa da kansu ba su shiga ba. Haka nan wanda ya karɓi ɗaki a cikin gidan da mai gidan yake zaune, suna haɗa madafa da falo, doka ba ta ɗauke shi ɗan haya irin wanda RTB ke karewa ba, kuma a nan ne baƙi da yawa suke tuntuɓe, domin irin wannan ɗaki shi ne mafi sauƙin samu ga wanda ya sauka jiya. Masaukan da aka gina musamman domin ɗalibai kuwa an shigar da su tun 2019.

Me zai sami mai gidan da ya ƙi yin rajista?

Ƙin yin rajista bayan hukuma ta aiko da takardar gargaɗi laifi ne da kotu za ta iya hukuntawa da tarar da ta kai Yuro 4,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Tun gyaran dokar da aka yi a 2019, ita kanta hukumar tana da ikon bincike da sanya tarar da ta kai Yuro 15,000. Sai dai a ganina abin da ya fi cizon mai gida ba tarar ba ce. Duk wanda bai yi rajista ba, ba shi da damar kai ƙarar ɗan hayarsa gaban RTB, ko da ɗan hayar ya tara bashin watanni ko ya lalata gidan, alhali ta hannun wannan hukuma ce ake fara warware kusan duk rikicin haya a ƙasar. Bugu da ƙari, mai gidan da ya sayi gidansa da rancen banki ba zai iya cire kuɗin ruwan rancen daga abin da za a caje shi haraji a kai ba sai ya cika sharaɗin rajista. Ɓoyewa ma ta yi wuya, tunda hukumar tana karɓar bayanai daga ƙananan hukumomi da ma'aikatar jin daɗin jama'a game da gidajen da gwamnati ke tallafa wa mazaunansu da kuɗin haya.

Idan ba a yi wa hayata rajista ba, na rasa haƙƙina ke nan?

Ba ka rasa ba. Sakacin mai gida ba ya shafe haƙƙin ɗan haya: ƙa'idojin wa'adin tashi, da na ƙarin kuɗin haya, da na mayar da kuɗin ajiya duk suna aiki, kuma ɗan haya zai iya kai ƙara gaban RTB ko da hukumar ba ta taɓa jin labarin gidan ba. Inda asara take shigowa shi ne rangwamen harajin 'yan haya da gwamnati ta fara daga shekarar 2022 a kan Yuro 500, ta kuma ɗaga shi zuwa Yuro 1,000 ga mutum ɗaya a 2024, domin daga cikin sharuɗɗansa akwai kasancewar hayar tana da rajista idan irin wadda doka ta wajabta wa rajista ce.

Ta yaya ɗan haya zai tabbatar an yi?

Idan an kammala rajistar, hukumar kan aiko wa ɗan haya da wasiƙa mai ɗauke da lambar rajistar, kuma ya kamata ya adana ta tare da takardar yarjejeniya da rasitan biyan haya. Wanda wasiƙar ba ta zo masa ba zai iya shiga shafin RTB na intanet ya binciki adireshin gidan a kundin da aka buɗe wa jama'a, wanda ba ya nuna sunan mai gida ko na ɗan haya. Idan gidan bai fito ba, sai ya fara tuntuɓar mai gidan a rubuce, in ba a ga canji ba ya sanar da hukumar kai tsaye.