Daidaita Murya a Haɗin Sauti

Daidaita murya shi ne aikin da injiniyan sauti yake yi na ajiye muryar mawaƙi a gurbin da ya dace tsakanin kayan kiɗa, yadda za a ji kowace kalma ba tare da kiɗan ya mutu ba. Ana yin sa a sutudiyo bayan an naɗi waƙa, ana kuma yin sa nan take a dandali ko wurin biki. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, amma murya ba ta da lamba guda tsayayya, domin a kullum da kiɗan da ke gefenta ake gwada ta.

Aikin yana farawa ne daga mashigar makirfo a jikin miksa, wato na'urar da ake haɗa sautuka a cikinta. Mawaƙi zai rera baitin da ya fi ɗaga murya a cikinsa, injiniya ya murɗa maɓallin shigar sauti har fitilun miksa su tsaya ƙasa da ja. A na'urorin dijital sifili a ma'aunin desibel ne iyaka, duk abin da ya haura shi tsagewa yake yi, kuma ba a iya gyara shi daga baya. Shi ya sa da yawa suke barin matsakaicin murya a kusa da desibel 18 ƙasa da sifili.

Sabon shiga, idan murya ta nutse, sai ya tura ta sama. Ƙwararru sun fi rage abin da ya danne ta. Fitar kalmomi tana zaune ne a tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), wurin da fiyano da jita su ma suke cunkushewa, don haka ana ɗan rage su a nan da ikwalaiza, na'urar ƙara ko rage wani ɓangare na sauti. Daga muryar kuma ana yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, wanda galibi gurnani ne da motsin hannu a jikin makirfo. Sai na'urar matse sauti, wadda take sassauto wuraren da mawaƙi ya kwarara murya domin raɗarsa ma ta fito. Rabon matsewa na 3:1 ko 4:1 ya zama ruwan dare, wato duk desibel 3 ko 4 da murya ta haura iyakar da aka sa, ɗaya ne zai fito.

A dandali babban abokin gaba shi ne kukan lasifika, wanda ke tashi idan makirfo ya sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Makirfo irin Shure SM58, wanda ya fito a 1966, daga gaba ya fi ɗauka, saboda haka ake ajiye lasifikar da mawaƙi yake jin kansa da ita ta bayan makirfon. Mawaƙin da ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu ya rushe wannan kariya. Nisa ma na da tasiri: idan tazarar baki da makirfo ta ninka, murya na raguwa da kusan desibel 6. Kuma zauren da aka gwada sauti a cikinsa babu kowa yakan sauya da zarar ya cika, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti.

A waƙar Hausa ta zamani, wadda akasari ake haɗawa a sutudiyoyin Kano da Kaduna, murya ce a gaba, domin baiti ake saurare, kuma yawancin masu sauraro a ƙaramar lasifikar waya suke ji. A wurin biki mawaƙi yakan rera a kan waƙarsa da aka riga aka naɗa. Idan ba a cire muryar farko daga ciki ba, muryoyi biyu ne za su yi ta karo, ta naɗi da aka matse ta yi santsi, da ta makirfo mai hawa da sauka. Maganin shi ne a zo da kiɗan zalla, a bar amshi kaɗai a ciki.

Kunne kansa yana yaudara. Binciken masana sauti Fletcher da Munson na 1933 ya nuna cewa idan aka rage ƙara, sauti mai kauri ne yake fara ɓacewa daga ji. Don haka injiniyoyin sutudiyo sukan saurari haɗinsu a hankali da kuma da ƙarfi, a manyan lasifikoki da a waya, kafin su tsayar da matsayin murya.