Kafin ka sayi irin gyaɗar bana: kuturta a gona, fumfuna a rumbu

'Yan'uwa manoma, duk mai sayar da iri zai ce maka nasa ingantacce ne. Ka tambaye shi sunan irin, da inda aka gwada shi, da cutar da aka gwada shi a kanta. Idan ya kasa amsawa, riƙe kuɗinka.

Dattawanmu ba su manta 1975 ba. A shekarar ne kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya, ta ƙara durƙusar da sana'ar da ta gina dalar gyaɗa a Kano. Cutar ba ta bin iri. Darɓa, ƙaramin ƙwaron nan mai tsotsar ruwan tsiro, ita ce ke ɗauko ta daga tsiro mai ciwo ta kai wa mai lafiya, sai ka ga gyaɗa ta tsugune, ganye ya ƙanƙance ya dunƙule, wani ya yi ɗorawa, wani ya yi kore shar mai duhu. In ta kama shuka tun tana ƙarama, ko ka tona ba ka samun komai sai saiwa. Kuma babu feshin da ke warkar da tsiron da ya riga ya kamu.

Shi ya sa aikin masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, tare da ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, yake da daraja a idona. Ba sa jiran cuta ta zo da kanta. Suna kiwon darɓa a kan gyaɗa mai ciwo, su dasa tsirrai masu cutar a kunyoyin da ke tsakanin nau'ukan da ake gwadawa, yadda babu irin da zai tsira don sa'a kawai. Sai a bi kunya-kunya ana ƙirga waɗanda suka kamu. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a maimaita shi a wata damina, a wani gari, a auna yawan 'ya'yansa da mansa da harawarsa. Ta irin wannan tankaɗe da rairaya aka samu su SAMNUT 24, wadda aka fitar a 2011, mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Duk da haka ka yi shuka da wuri, ka cika kunya kada ka bar giɓi, ka tuge gyauro, domin darɓa ta fi sauka a gonar da shukarta ta yi tsilla-tsilla.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan girbi. Irin da ya jure wa kuturta bai tsira daga fumfuna ba, kuma har yau babu gyaɗar da fumfuna ba ta iya kamawa. Wannan fumfunar tana zuba wata guba da ake kira aflatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da ita. Na sha ganin an tsince ƙwayoyi masu kyau an kai kasuwa, an bar motsattsu da masu ɗaci don ƙuli-ƙuli da miyar gida. Wallahi wannan ɗabi'a tana tayar min da hankali, domin 'ya'yanmu ne ke cin su.

Fumfunar tana shiga ne tun a gona, musamman idan ruwa ya ɗauke da wuri ko gara ta huda kwanso. Ka cire gyaɗa da zarar ta nuna, ka kifa ta 'ya'yan suna kallon rana, sannan ka shanya a kan tamfol har sai kwanso ya yi ƙara in ka kaɗa shi. A ajiye ta da kwansonta, buhuna a kan katako, nesa da bango. Akwai kuma Aflasafe, maganin rage gubar aflatoksin na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure.

Bana ka ware kunya goma ga sabon iri kusa da naka na gado, ka lura da wanda ya fi kamuwa. Bayan girbi ka ajiye buhunsu dabam, in an yi wata uku ka ɓare mudu ɗaya daga kowanne, ka ƙirga ruɓaɓɓu, ka nuna wa malamin gona na yankinku.