Waiwaye: Dashen maganin hawan jinin ido ya fi shekara 50 da somawa

Tun da labari ya bazu cewa a Amurka ana dasa wani ɗan ƙanƙanin abu a cikin ido, ya riƙa sakin maganin hawan jinin ido har tsawon shekaru, mahawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a nan Kaduna, musamman a gidajen da ke da mai zuwa ganin likita a Cibiyar Ido ta Ƙasa. Wasu na cewa an kusa hutawa da ɗiga magani, wasu na cewa kayan masu hannu da shuni ne, talaka sai dai ya ji a salansa. Dukkansu suna magana kamar jiya aka ƙirƙiro dabarar, alhali ta girmi da yawa daga cikin masu gardamar.

Farkon labarin sananne ne. A 1876 likita Ludwig Laqueur ya sauke hawan jinin ido da sinadarin da aka tatso daga waken Kalaba, na ƙasarmu. Shekara guda bayan nan aka soma amfani da pilocarpine, wanda ya yi kusan ƙarni yana jan ragama, ana ɗiga shi sau huɗu a rana. Timolol ya zo a 1978, sau biyu a rana, latanoprost kuma a 1996, sau ɗaya da dare.

Abin da ake tsallakewa shi ne 1974. A shekarar aka fito da Ocusert, wani ɗan fallen abu mai laushi wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. An ƙunshe pilocarpine tsakanin tantani biyu, mara lafiya ya cusa shi ƙarƙashin fatar idonsa, maganin ya riƙa tsattsafowa daidai wa daida, maikirogiram 20 ko 40 a kowace awa, har kwana bakwai. Ɗigo 28 na mako ya koma aiki ɗaya. Dishi-dishin gani da ciwon goshi da ke biyo bayan kowane ɗigon pilocarpine sun ragu, domin maganin ba ya afka wa ido a lokaci guda. Waɗanda suka ƙera shi sun gano tun a lokacin cewa raunin maganin ɗigawa yana ga hannun da zai ɗiga shi, da ƙwaƙwalwar da za ta tuna.

Ya zo da nasa cikas. Yakan sulluɓe cikin barci mutum bai sani ba, wasu suna jin sa kamar tsakuwa a ido, tsoho mai karkarwar hannu ba ya iya sa shi, ga shi ya fi kwalba tsada. Duk waɗannan abubuwa ne da gyara zai iya ragewa. Sai timolol ya bayyana bayan shekara huɗu, mai sauƙin ɗigawa kuma ba ya tsuke ƙwayar ido, hankali ya koma kan neman ɗigo mafi ƙarfi. Ocusert ya dushe har ya bar kasuwa, tambayar da ya zo amsawa kuma ta kwanta tare da shi. A ganina nan aka yi babbar asara.

Hujja kuwa ba ta ɓuya ba. A 1986 Michael Kass da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa binciken da suka ɓoye na'ura mai lura da lokacin da aka ɗiga magani a cikin kwalbar. Marasa lafiya sun ce suna ɗiga kashi 97 cikin 100 na abin da aka rubuta musu, na'urar ta nuna kashi 76. A ƙasar da magani ba ya yankewa ke nan.

To, ina ga mu? Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama suna da cutar, ita ce ta biyu wajen makantarwa bayan yanar ido, kuma fiye da tara cikin goma ba su san suna da ita ba. Cuta ce da galibi ba ta ciwo, daga gefe take cin gani, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Dattijon da ya taso daga Saminaka ko Birnin Gwari ya karɓi kwalba, in ta ƙare bai ga sauyi ba sai ya ce maganin bai karɓe shi ba, bai san aikinsa tsare ganin da ya rage ne kawai ba. Latanoprost da ba a buɗe ba firji yake so, ga zafin bazara. Da azumi wasu kan ajiye ɗigon rana saboda suna jin ɗacinsa a maƙogwaro, alhali danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu yana rage gangarowar. Wannan ba sakaci ba ne, magani ne aka tsara ba tare da duba rayuwar mai amfani da shi ba.

Sai a 2020 aka dawo kan tsohuwar hanya da Durysta, wanda likita ke sawa a cikin ido ya narke a hankali cikin watanni. Sau ɗaya aka amince a sa wa kowane ido, don gudun illa ga tantanin gaban ido mai kama da gilashi. A ƙarshen 2023 iDose TR ya biyo baya, wanda zai iya kai shekara uku, amma farashinsa a lokacin ya doshi dala 14,000. Masu cewa ya fi ƙarfinmu suna da gaskiya a yau.

Abin da ya fi kusa da mu a wannan nema na raba mara lafiya da kwalba shi ne hasken leza, wanda likita ke haska wa cikin ido don sauke hawan jininsa. Wani gwaji da aka yi a yankin Kilimanjaro na Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya nuna bayan shekara guda lezar ta yi nasara a kusan kashi 61 cikin 100 na idanu, ɗigon timolol kuma kashi 31.