TLR: kyamara mai ido biyu, da abin da gyaranta yake buƙata

Duk wanda ya shiga neman tsohuwar kyamarar fim a intanet zai yi ta cin karo da haruffa uku, TLR. Taƙaitaccen suna ne na Turanci, ma'anarsa kyamara mai tagwayen idanu da madubi a ciki. Ita ce akwatin nan mai ɗan tsayi da masu hoto na da suke ratayawa a wuya, su riƙe a daidai ciki, su sunkuya suna leƙawa ta sama. Idon ƙasa shi ke ɗaukar hoto, a cikinsa shota, wato abin da yake buɗewa ya rufe a lokacin ɗaukar hoto, da ƙofar haske suke. Na sama na kallo ne kawai: haske ya shiga, ya bugi madubin da aka jingine a digiri 45, ya tashi ya faɗa kan gilashi mai dishi-dishi, a nan mai hoto yake ganin abin da zai ɗauka, sai dai dama ta koma hagu. A galibinsu idanun biyu a kan faranti ɗaya aka ɗaure su, in an murɗa saiti tare suke yin gaba, tare suke yin baya.

Kamfanin Franke & Heidecke na garin Braunschweig a Jamus ne ya yi wa wannan samfuri suna, da Rolleiflex a 1929, sai ƙanwarta mai sauƙin kuɗi, Rolleicord, a 1933. Japan ta biyo baya da Minolta Autocord a 1955, da Yashica Mat-124G wadda aka yi ta ƙerawa daga 1970 zuwa 1986, da Mamiya C220 da C330 waɗanda ake iya cire musu idanu a sa wasu. Akwai Lubitel ta Tarayyar Sobiyet da Seagull ta Shanghai. Galibinsu fim mai lamba 120 suke ci, wanda Kodak ya fito da shi tun 1901 kuma har yau ana yin sa. Naɗi ɗaya hoto 12 ne, kowanne santimita 6 tsaye, 6 kwance.

Abin da mai gyara zai fara sa wa a ransa shi ne: idanun nan biyu dole bakinsu ya zo ɗaya. Nisan da haske yake tafiya daga idon sama zuwa madubi zuwa gilashin kallo, dole ya yi daidai da nisan da ke tsakanin idon ƙasa da fim. Da zarar ɗaya ya goce, ko da kaurin takarda biyu ko uku ne, za ka ga fuska tar a sama, a wanke fim ka tarar bangon da ke bayan mutum ne ya fito, fuskar ta yi dishi. Wannan shi yake raba kayan gyara gida biyu, waɗanda ake canzawa kai tsaye da waɗanda in an taɓa su sai an sake saiti.

Sabbin kaya daga kamfani kam galibi babu. Kyocera da ya mallaki Yashica a 1983 ya daina yin kyamara a 2005, Minolta ma ya fita daga harkar a 2006. Hanyar da ta rage irin ta kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ce, inda ake yanka mota ɗaya a tayar da goma: a sayi matacciyar kyamara mai samfuri ɗaya a ciro abin da ake so. A eBay masu sayarwa, musamman na Japan, suna rubuta cewa ta kayan gyara ce kawai, kuma farashinta ƙasa yake sosai. Kafin ka biya, ka nemi hoton lambar jikinta da hoton ainihin ɓangaren da kake nema, domin suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya. Rolleiflex kaɗai tana da bakin ido iri uku da aka fi sani, Bay I da II da III, murfi ko matatar haske ta wannan ba ta shiga wancan. Yashica Mat da Autocord duk Bay I ne, don haka suna aron na juna.

Murfin sama, hannun naɗi, maɓallai, ƙofar baya da kwarkwaron fim duk ana ɗaukowa daga gawar a ɗora. Kwarkwaron ma a kula, na 620 ya fi na 120 siranta, ba ya zama. Fatar jiki kuwa ba sai an yi oda ba, garin da ake jima da dukanci ba a rasa baƙar fata mai laushi, a dai nemi wadda ba ta kai milimita 1 ba, a liƙa da gam kaɗan, saboda a ƙarƙashinta notikan farantin gaba suke ɓoye kuma wata rana za a sake ɓarewa. Soson da ke hana haske shiga ta bakin ƙofa yakan narke ya zama baƙin danƙo. A kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, a sa sabo mai kaurin milimita 1 zuwa 2, ko baƙin zaren ulu a cikin kwarmin. Soso mai kauri da yawa yana tanƙwara ƙofa.

Madubi ne yake yaudarar mutane. Azurfarsa a fuskar gilashi take, ba a baya ba, shi ya sa goga shi da tsumma sau ɗaya yake kwashe ta. Madubin kasuwa ba ya yi, hoto biyu zai nuna maka. Sai irin mai azurfa a gaba, kuma kaurinsa ya zama daidai da na tsohon. Gilashin kallo shi ma haka: fuskar mai dishi-dishi ƙasa take kallo, kuma 'yan siraran ƙarafan da ke ƙarƙashinsa kowanne ya koma inda aka ɗauke shi. Idanun kuwa tun a kamfani aka haɗa su biyu-biyu, ɗauko ɗaya kawai daga wata kyamara caca ce.

Ga yadda ake gwada saitin bayan an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan. A kafa kyamara a kan ƙafa uku, a buɗe ƙofar baya, a liƙa gilashi mai dishi-dishi a kan layukan da fim yake bi, fuskar dishin tana kallon ido. A sa shota a B, wato matakin da take zama a buɗe muddin an danne maɓalli, a riƙe ta a buɗe, a wangale ƙofar haske, a nufi abu mai nisa sosai, kamar hasumiyar masallaci ko eriyar waya a can wata unguwa, ba ranar hazo ba. Idan an kai saiti ƙarshe, ya kamata abin ya fito tar a baya, a duba da gilashin ƙara girma. Sannan a leƙa sama. In na sama bai yarda ba, idon sama ake sassautawa a murɗa har su daidaita, a ɗaure. A maimaita da jarida a nisan mita 1 da rabi. Idan gefe ɗaya ya fito, ɗayan bai fito ba, farantin gaba ya karkace, galibi faɗuwa ce, wannan kuma aikin ƙwararre ne.

Yanayin Kano yana da nasa rabon a cikin lalacewar. Zafin Maris zuwa Mayu da yakan haura digiri 40 yana narkar da tsohon giris ya gangara kan fikafikan shota, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai, sai shota ta riƙa ɗaukar daƙiƙa uku a inda aka sa 1, ko ta maƙale a buɗe. Fikafikan a bushe suke aiki. Ana kwance gilashin gaba, a goge su a hankali da auduga mai tsinke da man laita, a bari ya bushe, a harba, a sake. Fetur da kananzir da man feshi na WD-40 duk suna barin maiƙo, WD-40 ma har cikin gilashi yake shiga. Mai ana sa shi ne a turakun giyoyi kawai, man agogo, ɗigon bakin allura. Tsohon mai gyaran agogon hannu a Sabon Gari ya fi mai gyaran waya fahimtar wannan ciki, tunda sifirin da giya ne, babu lantarki. A Yashica Mat kada a taɓa sandar da ke jinkirta harbi don mutum ya ɗauki kansa muddin sandar filasha tana kan M, shota tana cijewa nan take, a bar ta a kan X. Ita kuma Autocord, sandar saitinta da ke ƙarƙashin ido ƙarfe ne mai gautsi, in giris ya daskare aka matsa mata sai ta karye, don haka a fara wanke giris kafin a gwada ƙarfi. Notikan Japan masu kan gicciye ma'auninsu JIS ne, wato na Japan, sukudireban Phillips yana cinye musu kai.

Damina kuma, musamman Agusta, ita ke kawo funfuna, farin zare-zare a cikin gilashi. In an yi sammako ana wanke ta da haɗin haidurojin feroksaid da amoniya rabi da rabi. In ta riga ta ci rufin gilashin, tabon ya zauna. A idon sama ba komai, a idon ƙasa yana kashe kaifin hoto. Jakar fatar da aka sayo ta da ita danshi take riƙewa, gara robar da ke rufuwa ruf da ƙunshin silika a ciki.

Ma'aunin hasken Yashica Mat-124G batirin PX625 mai bolt 1.35 aka yi masa, wanda aka daina yi saboda sinadarin makyuri. Na zamani mai 1.5 yana shiga ramin amma karatun ƙarya yake bayarwa. Batirin na'urar jin magana mai lamba 675 yana ba da kusan 1.4, a zagaye shi da zoben roba ya zauna, sai dai ba ya daɗewa da zarar an ɓare takardarsa. Shota ba ta buƙatar batir ko kaɗan, manhajar auna haske a waya ta wadatar.