Me ake nufi da juya allo a ƙananan na'urori?

In ka ji masu haɗa na'urori suna cewa "a juya allon", ba ɗaga sikirin da hannu suke nufi ba, wannan an riga an ɗaure shi da sukuru. Hoton da manhaja ke zanawa ne ake so ya juya digiri 90, 180 ko 270 ya dace da yadda allon ya zauna a jikin na'urar. Na'urorin kuwa irin su POS ne, allon gaban mota, injinan asibiti, wato masu 'yar kwamfuta a ciki da aiki ɗaya kawai take yi.

Wayarka tana da sensa, ka karkatar da ita hoto ya bi. Yawancin waɗannan na'urorin ba su da shi, sau ɗaya ake saitawa shi ke nan. Misali an ƙera allo 800x480 a kwance, sai mai zanen akwatin ya ga a tsaye ya fi kyau, to dole manhaja ta koma ganin faɗi 480 tsayi 800, in ba haka ba rubutu ya fito a kishingiɗe.

A ina za a juya shi, nan ne maganar take. In guntun da ke tuƙa allon zai iya da kansa, kamar guntun ILI9341 mai rajistar MADCTL, wato wurin saita ta wane gefe hoto zai fito, to ni a ganina nan ya fi, don kusan kyauta ne. A Linux mai X11, wato tsarin da ke zana hoton manhajoji a allo, akwai umarnin xrandr -o left, a Weston kuma, wani tsarin mai irin wannan aiki, ana sa transform=rotate-90 cikin fayil ɗin weston.ini. Shi kuwa saitin fbcon=rotate:1 na Linux yana yaudarar mutane sosai, rubutun konsol (baƙin allon rubuta umarni) kaɗai yake juyawa, manhajarka tana nan yadda take. In duk babu sai softwaya ta yi, wato firosesa ya riƙa kwafe kowane ɗigon hoto zuwa sabon wuri duk lokacin da allo ya canza, kuma a ƙaramar na'ura za ka ga abin yana jan ƙafa.

Sai taɓawa, wanda aka fi mantawa da shi. Gilashin taɓawa na'ura ce daban, bai san ka juya komai ba, sai ka danna maɓalli a sama wani can a gefe ya amsa. Shi ma sai an juya shi, a X11 da saitin Coordinate Transformation Matrix ta umarnin xinput, a Qt kuma (kayan gina manhaja) mai karanta taɓawa da evdevtouch, da rotate=90. Ka gwada kusurwoyi huɗun da yatsa kafin ka rufe akwatin.