Shanshui: zanen dutse da ruwa, da macijin da ke ɓoye cikin hadari

Wanda ya taɓa kallon tsofaffin zane-zanen ƙasar Sin zai gane hoton da nake nufi. Dutse ya tokare sama, hazo ya yanke shi a tsaka, ruwa na gangarowa ta wani siririn tsagi, can ƙasa kuma, in ka zura ido sosai, ga mutum bai fi ƙwayar hatsi ba. Sunan wannan salo shanshui. Kalmomi biyu aka haɗa: shan dutse ne, shui kuma ruwa. Har yau da wannan suna Sinawa ke kiran zanen shimfiɗar ƙasa irin nasu na gargajiya, wanda ake yi da alƙalamin gashi da tawada a kan takarda ko siliki.

Mai shanshui ba ya zama gaban wani dutse ya kwafe shi. Yawo yake yi a tsaunuka, ya cika idonsa, sannan ya koma ɗaki ya zana abin da ya zauna masa a zuciya. Fan Kuan, wanda ya rayu a farkon daular Song, ya bar wani zane na matafiya a gindin tsauni, tsayinsa ya ɗan haura mita 2, yana gidan tarihi na birnin Taipei. Dutsen tsakiya ya cinye kusan kashi biyu bisa uku na silikin. Ayarin dabbobin kaya na lallaɓawa a kusurwar ƙasa ta dama, ƙanana har sai ka neme su. Sa hannun mai zanen ma yana ɓoye cikin ganyen bishiyoyi, ba a gano shi ba sai a 1958.

Guo Xi, wanda ya yi shahararren zanensa na farkon bazara a 1072, ya ɗauki dutse a matsayin abu mai rai. A koyarwarsa ruwa ne jinin dutse, ciyawa da bishiyoyi gashinsa, hazo da gajimare kuma annurin fuskarsa. Ya kuma ce in kana son dutse ya yi tsayi, kada ka nuna shi duka, ka ɗaura masa hazo a ƙugu. Ina ganin nan ne gishirin salon yake. Farin wurin da aka bari babu tawada, shi ke ba ido damar ƙarasa sauran.

Daga dutse mai rai zuwa long ba nisa. Long halittar tatsuniya ce da Turawa ke fassarawa da diragon, amma fassarar na ɓatar da mutum. Na Turai wuta yake fesawa, jarumi ya zo ya kashe shi. Na Sin kuwa ɗan ruwa ne: jiki irin na maciji, ƙaho irin na barewa, ɓawo irin na kifi, farata irin na gaggafa. A almararsu yana kwance a ƙasan kogi ko tafki, sai ya tashi sama ya tara gajimare a yi ruwa, shi ya sa a da manoma suka riƙa roƙon sarakunan long idan fari ya yi tsanani. Masu zane sun aro kalmar longmai, wato jijiyar long, daga masu duba kwanciyar ƙasa. Ita ce layin da doron tsaunuka ke bi yana murɗawa, yana ɓacewa cikin hazo yana sake bayyana. Wang Yuanqi, wanda ya rasu a 1715, ya ɗauki wannan jijiya a matsayin ƙashin bayan zane. Idan ta katse, zanen ya mutu ko da kowane dutse ya yi kyau shi kaɗai.

Chen Rong shi bai tsaya ɓoye halittar ba. A 1244 ya zana long guda tara a kan doguwar takarda da ta haura mita 10, wadda ke gidan adana kayan fasaha na birnin Boston a Amurka. Ana warware ta ne sannu a hankali daga dama zuwa hagu. Kai ya leƙo daga kogon dutse, wutsiya ta nutse cikin igiyar ruwa, wani ya damƙe lu'ulu'u a farata, da yawansu ba ka ganin jikinsu gaba ɗaya. Ya zana jikin halittun da siririn layi cikin natsuwa, amma hadarin sai ya yarfa tawada ya goge ta tun tana danye, har ta yi duhu a wani wuri ta dusashe a wani.

Salon bai tsaya a zamanin da ba. Fu Baoshi, wanda ya rasu a 1965, ya yi suna da zanen tsaunuka cikin ruwan sama, inda ruwan ke tsagowa a karkace, iska na kora shi, dutsen baya ya narke ya zama inuwa. Babu long ko ɗaya a ciki, amma bi doron tsaunin da ido za ka ga jijiyar tana murɗawa ta shige cikin hadarin.