Ƙa'idojin Kayan Fasinja a Jirgin Sama

Ƙa'idojin kayan fasinja su ne dokokin da ke fayyace abin da matafiyi zai riƙe a jakar hannu, da abin da zai miƙa a wurin awon kaya a loda a rumbun jirgi, da kuma abin da ba ya hawa jirgin fasinja ko ta wace hanya. Tushensu ɗaya ne a duniya, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da ƙasa, wadda takardun Faransanci ke kira OACI. An kafa ta bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944. Rataye na 17 na yarjejeniyar ya shafi tsaro, na 18 kuma kaya masu haɗari. A Kamaru hukumar CCAA ce ke zartar da su, a Chadi kuwa ADAC, kuma su ake bi a filayen jirgin Garwa da Marwa-Salak da Ngaundare da filin Hassan Djamous na Njamena. Kamfanin jirgi yana da ikon ƙara tsanantawa a kan abin da doka ta ce, amma ba shi da ikon sassautawa.

Asalin dokokin

Galibin waɗannan ƙa'idoji sun biyo bayan wani abin da ya faru ne. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil ta ƙasar Kwango ya yada zango a Njamena, ya tashi zuwa Paris, sai ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta Nijar. Mutum 170 da ke ciki duka suka rasu, kuma bincike ya gano bam ne a cikin akwati. Irin wannan ne ya sa ake haska kowane akwati, ake kuma sauke kayan fasinjan da ya yi awo amma bai hau jirgi ba. Cire takalmi ya samo asali daga yunƙurin tayar da bam ɗin takalmi a Disamba 2001. Dokar ruwa kuwa ta zo ne bayan Agusta 2006, lokacin da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin haɗa bam daga sinadarai masu ruwa a cikin kwalaben lemo.

Abubuwa masu ruwa a jakar hannu

Kowace kwalba ko roba kada girmanta ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda guda mai nuna ciki wadda ake zuge bakinta, mai ɗaukar lita 1, kimanin santimita 20 tsawo da faɗi. Leda ɗaya ce ga mutum ɗaya. Inda aka fi samun gardama shi ne girman mazubi ake dubawa, ba yawan abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare mai mililita 200 da ta kusa ƙarewa ba za ta wuce ba.

Ma'aikatan bincike suna lissafa duk abin da ke zuba ko ake shafawa ko fesawa a matsayin ruwa. Saboda haka zumar Adamawa da man shanu da man kaɗanya da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da humra da man goge baki da kwaɓaɓɓen lalle duk dokar ta hau kansu. Busasshen abu kamar dabino da kilishi da ƙuli-ƙuli da garin kuka yana wucewa, sai dai gari mai yawa ko dunƙulen kanwa kan fito a duhu a na'urar haska kaya, a buɗe jakar a duba da hannu. Ana ɗaga ƙafa ga maganin da mutum zai sha a hanya da madarar jariri da abincinsa, muddin an fito da su an nuna. Mai ciwon sukari ya riƙe insulin da allurarsa a hannu tare da takardar likita. Wasu manyan filayen waje da suka sayi sababbin na'urori sun sassauta dokar mililita 100, amma wanda zai sauya jirgi a hanya ya shirya kayansa bisa doka mafi tsanani, domin ana sake bincike a wurin sauyin.

A babban akwati babu dokar mililita 100, amma turare da kayan kwalliya na fesawa suna da tasu iyakar saboda suna kama wuta: kowane ɗaya kada ya wuce rabin lita, jimilla kada ta wuce lita 2 ga mutum. Ɗan kasuwa mai katan-katan na turare hanyarsa ita ce sashen dakon kaya. Akwai kuma matsalar yoyo. Idan jirgi ya lula, matsin iskar cikinsa yakan koma kamar na tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, iskar da ke cikin roba ta kumbura ta turo murfi. Maganin shi ne a shimfiɗa leda a bakin robar kafin a ɗaure murfi, a naɗe da salatif, a sa cikin leda biyu. Wasu kamfanoni ba sa karɓar manja sam, don haka a tambaya tun kafin ranar tafiya.

Ruwan Zamzam yana da nasa tsarin. Hukumomin Saudiyya sun hana sa shi a cikin akwati. Wanda ake yarda da shi shi ne galan mai lita 5 da aka rufe a masana'anta cikin kwalinsa, kuma dabam ake miƙa shi.

Batura

A nan dokar ta juya, shi ya sa take rikita mutane. Wuƙa a akwati ake sa ta, batir kuwa a hannu ake riƙe shi. Batirin litiyam, wanda ke cikin waya da kwamfutar hannu da fawa-bank, idan ya fashe ko ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu, yakan yi zafin da ke ciyar da kansa har ya kama da wuta. A cikin fasinjoji ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi su kashe wutar su sanyaya batirin da ruwa. A rumbun kaya babu mai isa wurin. Don haka fawa-bank da duk batirin da ba a cikin na'ura yake ba haramun ne a akwatin awo, haka ma sigari mai batir.

Ana auna ƙarfin batir da alamar Wh da ke jikinsa. Har zuwa 100 ba a neman izini. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfani, kuma guda 2 kawai na ajiya. Abin da ya haura 160 ba ya hawa. Idan mAh kaɗai aka rubuta, a ninka lambar da 3.7 a raba da 1,000: fawa-bank mai 20,000 ya kama 74, mai 30,000 ya kama 111, mai 50,000 kuwa 185, wanda ya wuce iyaka. Wannan lissafi ya shafi mutanen yankinmu sosai, tun da ƙarancin lantarki ya sa aka fi son manya. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi, domin ba yadda za a tantance ƙarfinsa. A rufe bakin batirin ajiya da salatif, kada ya zauna tare da makullai ko sulalla. Bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairu 2025, kamfanoni da dama sun hana yin caji da fawa-bank a cikin jirgi. Idan aka karɓi jakar hannu a bakin jirgi don rashin wuri, a fara cire batura.

Masu kaifi da masu kama wuta

Wuƙa da aska da tsurar reza da almakashin da bakinsa ya wuce santimita 6 da guduma da kulki duk na akwatin awo ne, a naɗe su da kyau. Wuƙar damtse da wasu ke ɗaurawa bisa al'ada ita ma haka. Sandar dogarawa ta tsoho ana haska ta a mayar masa. Bindiga da harsashi sai da takardun hukuma da izinin kamfani, bindigar wasan yara ma ba ta shiga jakar hannu.

Fetur, kananzir, tukunyar gas, rishon da ya taɓa shan mai, gawayin turaren wuta mai kama da kansa, maganin sauro na fesawa, ruwan batirin mota, ruwan jabel (bilicin wanki) da tartsatsin wasan biki ba sa shiga ko wace jaka. Ashana ƙaramin kwali ɗaya ko laita (ƙyastu) guda ɗaya a aljihu ake riƙewa, ba a akwati ba, wasu ƙasashe kuma sun hana ko da hakan.

Wurin bincike da abin da ke gaba

A tire ake zuba waya da makullai da bel da agogo, a fito da kwamfuta da ledar ruwa dabam. Laya ko guru mai ƙarfe a ciki zai sa ƙofar bincike ta yi ƙara. Mace ce ke laluben mace, kuma mai hijabi ko lafaya tana iya neman a duba ta a keɓe. Nauyi lamarin kamfani ne: akwati galibi kilo 23, guda ɗaya ba ya wuce 32, jakar hannu tsakanin 7 da 12.

Wucewa binciken tsaro ba ya nufin ma'aikatan duwan (kwastan) na ƙasar da za a sauka za su yarda. Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga Kamaru ko Chadi shiga da nama da madara, don haka kilishi da man shanu za a ƙwace su, alhali busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Kuɗin da ya kai yuro 10,000 a Turai, ko riyal 60,000 a Saudiyya, dole a bayyana shi. Tiramadol da kodin suna kai mutum kurkuku a ƙasashen Larabawa idan babu takardar likita, safarar ƙwaya kuma a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa ga kisa.

Wannan ne ya sa batun saƙo yake da nauyi. Da wuya a ƙi ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya kawo ƙunshi a kai wa ɗansa a Jidda ko Alƙahira, amma a wurin doka duk abin da ke cikin akwatin da aka liƙa wa lambar tikitinka naka ne. A buɗe saƙon a gaban mai shi a ga abin da ke ciki, a ƙi wanda aka ɗinke ko aka ce kada a taɓa. Bayan awo a ƙirga ƙananan takardun kaya da aka liƙa a bayan tikiti, a tabbatar yawansu ya yi daidai da akwatunan da aka miƙa, a kuma adana su har a fita da kaya daga filin saukar.